Awo Kafin Magani

A ƙasar Hausa akwai cututtukan da ake zuwa dubiyarsu, akwai kuma waɗanda ake rufe wa ƙofa. Wanda zazzaɓi ya kwantar, maƙwabta za su yi ta sintiri da kwanon kunu suna tambayar ya jiki. Wanda ya karye, har daga wani gari za a ɗauko masa mai ɗori. Amma namijin da kuzarinsa na ɗa namiji ya ja baya ba shi da mai dubiya, domin shi kansa ba zai yarda ya ce ba shi da lafiya ba. Harshenmu ma yana taya shi ɓoyewa. Sai a ce sanyi ne, ko a ce basir ne, ko kuwa a sassauta murya a ce an yi masa hannu. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana da mai sayar da maganinta a bakin tasha, da lasifika a saman mota. Abin da ba a cika ji ba shi ne a ce wa mutum ya je a auna jininsa.

Alhali kuwa wani kaso na wannan larura a cikin jini yake, yana da suna, yana da ma'auni, yana kuma da magani. Sunan abin da ke ƙaranci testostaron, sinadarin da maraina ke sarrafawa su zuba cikin jini. Shi ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fitar masa da gemu, ya ƙarfafa masa ƙashi da tsoka, ya tayar masa da sha'awa, ya kuma taimaka wajen samar da ƙwayoyin haihuwa. Jikin lafiyayyen magidanci yana yin abin da bai wuce miligiram 5 zuwa 7 ba a kowace rana. Ɗan mitsitsi ne, amma idan ya yanke, gida guda yana iya girgiza. Na ga hakan a gidanmu.

Yayana ya yi haɗarin babur shekara uku bayan aurensa, lokacin 'yarsa ta fari tana koyon tafiya. Kansa ya bugu da kwalta, ya kwana biyu bai san inda yake ba, sannan ya farfaɗo. Rauni ya warke, aka yi sadaka, aka ce Allah Ya kiyaye gaba. Sai bayan watanni aka fara lura da wani abu. Mutumin da ba ya fashin filin ƙwallo da yamma ya koma kwanciya daga la'asar. Gyaran fuskar da yake yi duk mako ya koma sai wata ya zagayo. Ya yi tumbi alhali dantsensa yana zubewa, ya zama mai yawan shiru da saurin fushi. Abin da ke tsakaninsa da iyalinsa ba wanda ya sani, amma kowa yana iya lissafi: shekaru suna tafiya, yarinya ba ta samu ƙani ba.

Kamar yadda aka saba, idanu suka koma kan matarsa. Gwaggonmu ta yi ta aiko mata da jiƙe-jiƙe, daga baya ta fara zancen ƙarin aure a fili. Ita kuwa baiwar Allah ta sha duk abin da aka ba ta, ta ɗauki laifin da ta san ba nata ba ne, don ta rufa wa mijinta asiri. Shi ma a ɓoye yana nasa neman. Kwalaben da ya saya a tashoshi da kasuwanni, in ji shi daga baya, sun isa a buɗe shago.

Sauƙin ya zo ta inda ba a zata ba. Ya samu gurbin ƙaro karatu a Amurka, kuma a can, da gajiya ta hana shi zaman aji, ya je asibitin jami'a. Likitan ya yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa: ko ya taɓa buguwa a kai? Aka ɗebi jininsa da sassafe, aka sake ɗiba wata safiyar. Duka biyun suka nuna testostaron ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Aka ƙara bincike, aka gano marainansa lafiya lau suke. Saƙon da ke umartar su da aiki ne ya daina isowa daga kai.

Domin a fahimci wannan, ba sai an je nesa ba. Duk mai kiwo ya san bambancin bunsuru da taure: da zarar an dandaƙe dabba, warinta da faɗanta da neman matanta sukan kwanta. Kakanninmu sun san tushen abin yana maraina, sai dai ba su san ta yaya yake isa sauran jiki ba. Wani malamin jami'a a garin Gotinjen na Jamus, Arnold Berthold, shi ya warware wannan a 1849. Ya cire marainan 'yan zakaru, sai suka girma ba zanko sosai, ba cara, ba faɗa. Waɗanda ya dasa wa maraina a cikin ciki kuwa, nesa da wurinsu na asali, suka girma cikakkun zakaru. Tunda babu jijiyar da ta haɗa su kamar da, ya tabbata cewa wani abu ne suke zubawa a jini.

Yau an san cewa tsarin ya yi kama da na sarauta. A can gindin ƙwaƙwalwa akwai fada, inda umarni ke fitowa. Daga nan sai ya sauka ga wani ɗan ƙulli mai girman ƙwayar wake, wanda likitoci ke kira fituwitari, shi ne kamar hakimi. Hakimin yana aika manzanni biyu ta cikin jini zuwa maraina: ɗaya, LH, yana cewa a sarrafa testostaron, ɗayan, FSH, yana kula da samar da ƙwayoyin haihuwa. Idan testostaron ya wadata a jini, labari yana komawa fada, sai a sassauta umarni. Ƙarancin sinadarin na iya tasowa daga maraina su kansu, kamar ga wanda hangum ya kumbura masa su bayan balaga, ko wanda aka haifa da larurar Klinefelter. Yana kuma iya tasowa daga sama, idan ƙari ya fito a fituwitari ko kai ya bugu. Na Yaya daga sama ne. Kwaltar da ta fasa masa kai ta taɓa hakimin, shi kuwa hakimi ba ya ciwo a ji.

A 1935 ne Ernst Laqueur da abokan aikinsa a Amsadam suka tace sinadarin daga marainan bijimai, suka raɗa masa suna. A cikin shekarar Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano yadda za a haɗa shi, kuma aka ba su kyautar Nobel ta fannin kemistiri a 1939. Samun maganin bai kawo ƙarshen wahala ba, domin saura yadda za a shigar da shi jiki. Idan aka haɗiye shi yadda yake, hanta ce ke fara tarbarsa daga hanji, ta rusa mafi yawansa kafin ya kai ko'ina. Shi ya sa aka daɗe ana dogaro da allura. Tsofaffin alluran da ake yi duk mako biyu ko uku suna aiki, amma kamar ambaliya: kwanakin farko jini ya cika ya batse, kwanakin ƙarshe ya ƙafe, mutum yana hawa yana sauka a kuzari da hali.

Jiki kuwa ba haka yake nasa ba. Kullum yake zubawa, kaɗan-kaɗan, ya fi yawa da safe, ya ragu da yamma. Wannan tsari aka yi ƙoƙarin kwaikwayo da filasta. Ta farko, Testoderm, ta samu izini a Amurka a 1993, sai dai a fatar maraina ake manna ta, bayan an aske wurin, abin da maza da yawa suka ƙi. A 1995 aka fito da Androderm, wadda ake mannawa a baya, ko ciki, ko dantse, ko cinya. A tsakiyarta akwai ɗan rumbu na magani haɗe da sinadaran da ke tausasa saman fata don ya samu hanyar ratsawa. Da dare ake manna ta, ta yi awa 24, kuma maganin ya fi yawa a jini da safe, daidai lokacin da jiki ya saba. Yawanci da miligiram 4 a rana ake farawa, bayan kamar mako biyu a sake auna jini, a ƙara ko a rage.

Ita na gani a dantsen Yaya lokacin da ya zo hutu. Umma ta hango ta da ya naɗe hannun riga zai yi alwala, ta ce, "Me ya same ka kuma a hannu?" Ya ce ba komai, maganin gajiya ne. Da dare, muna zaune a zaure mu biyu, na tambaye shi.

"Yaya, wace irin gajiya ce ake manna wa filasta?"

Ya yi shiru har na zaci na wuce gona da iri. Can ya ce, "Kai da kake karatun kimiyya, zauna in gaya maka. Amma ka bar shi a cikinka tukuna."

Tsakanin wa da ƙane akwai kunyar da ba a ketawa, don haka bai faɗi komai da sunansa ba, ni ma ban nema ba. Takardar sakamakon jininsa ya miƙo mini, lambobi suka yi maganar da bakinsa ba zai iya ba. Ya ce ranar da likita ya nuna masa su, bai ji baƙin ciki ba, wani nauyi ya ji an sauke masa. Shekaru yana zargin kansa da ragwanci, yana zargin maƙiyan da bai sani ba, ashe ciwo ne irin na kowa.

Filastar ba ta zo da sauƙi kawai ba. Babban aibinta ƙaiƙayi da jan fata, kuma wannan ne ke sa mutane da yawa su bar ta. Dole a riƙa sauya wuri kowane dare, kada a koma inda aka manna sai bayan kwana bakwai. Yaya ya mayar da bayan sallar isha'i lokacinsa: ya yi wanka, ya bushe jiki sarai, ya manna sabuwa, ya naɗe tsohuwa ya jefar inda yara ba za su kai ba. Zafin bazara na nan gida ya ba shi wahalar da bai sani ba a can, domin gumi yakan ɗaga gefenta. Duk da haka ya zaɓe ta a kan man shafawa irin su AndroGel, wanda ya shigo kasuwa a 2000, saboda man yana iya gogewa a jikin mace ko yaro. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a sa gargaɗi mai ƙarfi a kan irin wannan man, bayan an samu ƙananan yara da alamun balaga sakamakon cuɗanya da masu shafa shi. Mai 'yar ƙaramar yarinya da ke hawa kafaɗarsa dole ya yi wannan lissafi.

Sannan ga komawa asibiti a kai a kai. Testostaron yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, idan suka yi yawa jini ya yi kauri, don haka sai an riƙa aunawa. Manyan maza kuma ana duba musu ƙullin furostet da ke ƙarƙashin mafitsara, domin mai kansar wannan wuri ba a ba shi maganin.

Sharaɗi mafi nauyi shi ne wanda ya kamata kowane Bahaushe ya ji da kunnensa. Idan testostaron ya shigo daga waje, fada tana ganin jini a cike, sai ta dakatar da umarni. Manzannin biyu su daina fita, maraina su kwanta, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci har su ɗauke gaba ɗaya. Wato maganin da ke dawo da kuzari da sha'awa shi ne ke rufe ƙofar haihuwa muddin ana kansa. Har an yi gwaje-gwajen amfani da shi a matsayin maganin tsarin iyali na maza. Mutumin da ya sayi allurar testostaron a kemis don matarsa ta samu ciki, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Likitan Yaya ya tambaye shi tun farko ko yana son ƙarin 'ya'ya. Ya ce ƙwarai kuwa. Suka yi shawara cewa ya yi amfani da filasta a shekarun da yake can shi kaɗai, idan komawa gida ta matso a sauya masa zuwa allurar hCG, wadda ke yin aikin manzon da ya daina zuwa, ta tashi maraina su yi nasu da kansu. Wannan dabara tana aiki ne ga irinsa, wanda marainansa ke da lafiya, kuma tana bukatar haƙuri na watanni masu yawa. Kusan shekara biyu da dawowarsa matarsa ta haihu. A wurin suna, Gwaggo ta yi ta ba da labarin jiƙon da ta haɗa wa mai jego har Allah Ya kawo ƙarshen matsalarta. Yaya ya gaya wa Umma gaskiya, ya kuma yarje mini in rubuta wannan ba tare da suna ba. Amma a bakin dangi, har gobe, matar ce ta yi ciwo ta warke.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina tallan magani ne. Ƙasar da ta ƙera filastar ita ce ta nuna wa duniya yadda ake wuce gona da iri. Kamfanoni suka cika talabijin da tallan da ke gaya wa duk mai gajiya da furfura cewa ƙarancin testostaron ke damunsa. Tsakanin 2001 da 2011, adadin mazan Amurka masu shekara 40 zuwa sama da ke amfani da maganin ya ninka fiye da sau uku, kuma da yawansu ba a auna jininsu kafin a ba su ba. A 2015 hukumar magungunan ƙasar ta fito ta bayyana cewa an amince da shi ne ga waɗanda wata cuta ta jawo musu ƙarancin, ba don tsufa kawai ba. Raguwar kusan kashi ɗaya cikin ɗari a shekara bayan an haura talatin ko arba'in, tafiyar rayuwa ce. Wani babban gwaji mai suna TRAVERSE, da aka yi da maza sama da 5,000 aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa man shafawar bai ƙara yawan bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da toshewar jijiyar huhu. Magani ne na gaske, shi ya sa yake da haɗari na gaske.

Kwaɗayin komawa ƙuruciya tsohon ciniki ne. A 1889, a birnin Faris, shahararren likita Charles Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya sanar cewa ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka da na wasu ƙananan dabbobi, kuma ƙarfinsa ya dawo. Likitoci da dama suka bi sahunsa. Daga baya aka tabbatar cewa sinadarin da ke cikin ruwan bai kai ya yi komai ba, imaninsa ne ya yi masa aiki. Idan masani irinsa ya ruɗi kansa, ina ga mai tsaye a tasha yana sauraron lasifika? Nasa ma da sauƙi. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, a ɓoye cikin kayan da ake sayarwa da sunan ganye ko zuma. Ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, wannan haɗi na iya faɗar da jini har ya halaka.

Abin da ya raba likitan kirki da mai lasifika shi ne awo. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta 2018 ta ce sai an samu alamomi, kuma an auna jini da safe har sau biyu an ga ya gaza nanogiram 300 a kowace desilita, kafin a ce mutum yana da ƙarancin. Bayan nan sai a nemi dalili. Da yawa daga masu kukan rauni testostaron ɗinsu daidai yake. Ciwon sukari ne, ko hawan jini, ko damuwa ke cin su, kuma raunin kan zama gargaɗin farko na ciwon jijiyoyin zuciya. Wani kuma rage ƙiba kaɗai ya isa ya ɗaga masa sinadarin.

Mu a nan muna da dalilanmu na kusa da ya kamata su sa mu damu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma jinkirin balaga da ƙarancin testostaron sanannu ne ga mazan da ke ɗauke da ita. Ciwon sukari yana ƙaruwa a biranenmu. Matasanmu suna hawa babur ba hular kwano. Ga kuma tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018: duk dangin waɗannan ƙwayoyi suna danne umarnin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Saurayin da ke haɗiyar tiramol don ya ji shi namiji ne, da hannunsa yake kashe wutar da yake son hurawa.

Ita kanta filastar tana ja da baya. Man shafawa da allurai masu daɗewa sun kwashe mata kasuwa, kuma a 2023 aka daina sarrafa Androderm a Amurka. Ban ɗauki wannan babban rashi a gare mu ba, domin ba kayan aikin ne muka fi rasawa ba. Allura tana nan, likitocin mafitsara da na sinadaran jiki suna nan a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Abin da filasta ta koyar yana nan daram: a mayar wa jiki abin da ya rasa daidai gwargwado, a kan lokaci, da idon likita a kai, bayan an tambayi mutum abin da yake so da rayuwarsa.

Abin da muka rasa shi ne bakin faɗa. Ina fata malamanmu, waɗanda suke karantar da babin aure ba tare da kunya ba, su ƙara da cewa miji ma yakan yi ciwo, kuma neman maganinsa a asibiti ba ya rage masa daraja. Ina fata likitan da ya sallami wanda ya bugu a kai ya gaya masa alamomin da za su sa ya dawo bayan watanni. Ina fata iyayenmu mata, idan haihuwa ta yi jinkiri a gidan ɗansu, su tura mutum biyu asibiti maimakon su ɗora wa ɗaya kwanon jiƙo. Kuɗin awon jini na safiya biyu bai kai na kwalaben da ake saye a ɓoye shekara da shekaru ba, bai kuma kai darajar macen da ake zargi ba da haƙƙinta ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye.